Yadda ake ƙure gudun furosesa da katin hoto a ƙaramar kwamfutar gem ba tare da an dafa ta ba

Yawancin bidiyoyin da ke koyar da ƙure gudun kwamfuta, wato overclocking, sa kayanta su yi gudun da ya wuce wanda kamfani ya saita musu, a ɗaki mai sanyi ake ɗaukar su, inda ma'aunin zafi ke nuna digiri 21 zuwa 23. Kai kuwa idan a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi kake zaune, a watan Afrilu ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya iska yana iya kai 36 ko fiye da tsakar rana. Wannan tazarar ta kusan digiri 15 ba ta ɓacewa. Kai tsaye take hawa kan zafin furosesa da na katin hoto, kusan digiri da digiri. Ka haɗa da cewa akwatin naka ƙarami ne, kaya a cunkushe, iska ba ta da wurin juyawa. Shi ya sa wanda ya kwafi lambobin wani daga intanet ya zuba a tasa kwamfutar yakan tarar da ita ta ƙara nauyi maimakon gudu.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, a ƙaramin akwati zafi ne jarinka. Duk wani gudu da za ka samu, da zafi za ka saya. Saboda haka hanyar da zan bi da kai ta fi karkata ga rage wutar da kayan ke sha, domin su sami sararin yin gudu da kansu.

Zan yi misali da haɗin da mai ƙaramin ƙarfi ke iya kaiwa gare shi: furosesa Ryzen 5 5600 na AMD, wanda ya fito a 2022, mai ƙwayoyin aiki shida, wato cores, da gudun 3.5 zuwa 4.4 GHz, katin hoto GTX 1660 Super na Nvidia, na ƙarshen 2019, mai 6GB da ke shan wat 125, babban allo, wato bod, ƙarami samfurin mini-ITX mai B450 ko B550, duka a cikin akwatin NR200 na Cooler Master, wanda girmansa bai wuce lita 18 da ɗoriya ba. Idan naka ya ɗan bambanta, hanyar ɗaya ce, lambobin ne za su sauya.

Da farko, kayanka sun yarda?

Sauke manhajar CPU-Z ka duba sunan bod ɗinka. A ɓangaren AMD, duk bod mai B350, B450, B550, X470 ko X570 yana ba da damar ƙure gudun furosesa. A320 da A520 ba a yi su don wannan ba. A ɓangaren Intel kuma sai furosesa mai harafin K a ƙarshen lambarsa, a kan bod mai harafin Z. Wanda ke da Core i3-12100F ko i5-12400F a kan bod H610 ya tsallake sashen furosesa, ya tafi kan katin hoto.

Duba akwatin wutar ma, wato power supply da ke raba wa kayan wuta. Wannan haɗin, ko an ƙure shi, da wuya ya wuce wat 300, don haka mai wat 450 zuwa 550 na kamfanin kirki ya wadatar. Amma irin waɗannan marasa nauyi, marasa suna, da aka rubuta musu 600W a jiki alhali ka ɗaga su kamar fankon ashana, kada ka ƙure komai a kansu. Idan suka tashi mutuwa ba su cika tafiya su kaɗai ba.

Sannan ka sani, AMD ta bayyana cewa kunna Precision Boost Overdrive, saitin da za mu ƙure furosesa da shi a ƙasa, yana fitar da furosesa daga garanti. Ga wanda ya sayi na hannu wannan ba wani abu ba ne, amma mai sabo ya yanke shawara da idonsa a buɗe.

Iska kafin komai

Wannan shi ne aikin da mutane ke tsallakewa, kuma shi ya fi biya.

Kashe kwamfutar, zare wayar wuta, buɗe ta. Idan ta sha hunturu ɗaya ba a taɓa ta ba, za ka ga ƙura ta yi dabe tsakanin siraran ƙarafan da ke tsotse zafi. Hure ta da abin busa iska, amma ka dafe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa da ƙarfin iskar, hakan na cinye mata gindi. Cire matatun ƙura ka wanke, ka bari su bushe sarai.

A NR200 tsarin da na fi yarda da shi shi ne fanka biyu masu milimita 120 a ƙasa suna shigo da iska kai tsaye zuwa katin hoto, biyu a sama suna fitarwa. Idan katin mai kauri ne, nemi siraran fanka masu kaurin milimita 15 don ƙasan. Idan akwatinka ya zo da murfin gilashi da kuma mai huda-huda, sa mai hudar. Gilashin ya fi kyan gani, na sani, amma a yanayinmu tsadarsa ta yi yawa. Kuma kada ka ajiye akwatin a kan kafet ko cikin lokon tebur, tunda ta ƙasa yake shaƙar iska.

Ryzen 5 5600 yana zuwa da ƙaramar na'urar sanyaya mai suna Wraith Stealth. Tana iya riƙe shi a yadda ya fito daga kamfani, iyakarta ke nan. NR200 na ɗaukar na'urar sanyaya mai tsayin har milimita 155, saboda haka irin masu tsayuwa kamar hasumiya da fanka 120 suna shiga, kuma masu araha a cikinsu sun isa. Idan akwatinka ya fi wannan matsewa, sai irin su Noctua NH-L9a mai tsayin milimita 37, to a nan kada ka sa ran ƙarin gudu mai yawa, rage wuta kawai za ka yi. Goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da tsumma mai tsabta da sinadarin isofurofil, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Katin hoto na hannu ma, musamman wanda aka yi haƙar kuɗin kirifto da shi dare da rana kafin Ethereum ta daina wannan tsarin a Satumbar 2022, sau da yawa man nasa ya bushe ya zama kamar alli. Sauya shi kaɗai kan sauko da zafi sosai.

Auna kafin ka taɓa

Sauke HWiNFO64, Cinebench R23, OCCT, GPU-Z, MSI Afterburner da Unigine Superposition. Duka akwai na kyauta. Afterburner kuwa daga shafin MSI na ainihi kawai za ka ɗauko shi, domin an sha yin shafukan bogi da sunansa ana cusa wa mutane muguwar manhaja.

Ɗauki littafi da biro. Buɗe HWiNFO a sashen Sensors, ka saki Cinebench na dukkan ƙwayoyi tsawon minti goma. Rubuta makin da ka samu (5600 mai lafiya yakan ba da kusan 11,000), da zafi mafi yawa a layin Tctl/Tdie, da gudun da ke layin Effective Clock. Sannan ka saki Superposition a 1080p, ka rubuta maki da zafin kati. Daga ƙarshe buga gem ɗin da ka fi bugawa na rabin awa, ka lura da adadin hotunan da yake fitarwa a sakan. Rubuta har da lokacin da ka yi gwajin. Gwajin asuba da na azahar ba a gwama su.

Idan tun a nan furosesa na haura 85, ko kati na manne a 83, koma kan iska. Ba ka da abin da za ka ƙure tukuna.

RAM: riba mafi sauƙi

Sake kunna kwamfutar kana danna Delete don shiga BIOS, shafin saitin bod da ke zuwa kafin Windows ya tashi. Nemi XMP, saitin da ke sa RAM ta yi gudun da aka rubuta mata, a bod ɗin ASUS sunansa DOCP, a MSI kuma A-XMP. Kunna shi. Na sha ganin mutum ya sayi RAM mai 3200 amma shekara guda tana tafiya a 2133 ko 2400, saboda ba wanda ya faɗa masa sai an kunna. Ryzen na jin daɗin RAM mai sauri ƙwarai, domin hanyar da ke haɗa sassan cikinsa, Infinity Fabric, tare take tafiya da ita. RAM 3200 na son FCLK, wato gudun wannan hanyar, a 1600, mai 3600 kuma a 1800. Tabbatar sun yi daidai. Wutar RAM 1.35V ita ce ƙa'idar XMP. Wutar SoC kuwa, wato ta sashen furosesa da ke kula da RAM, wajen 1.1V ta isa, kada ta wuce 1.2V.

Idan sanda ɗaya ce ta RAM a kwamfutarka, ƙara ta biyu irinta zai ba ka abin da duk ƙure gudun da ke ƙasa ba zai ba ka ba.

Gwada da sashen Memory na OCCT na awa ɗaya. Kuskure ko ɗaya ne, ba ta zauna ba.

Kafin mu wuce, gano yadda ake mayar da BIOS ɗinka yadda ya fito, domin wata rana za ka sa lambar da za ta hana kwamfutar tashi. Akwai ƙananan filoli biyu a bod, ASUS na rubuta CLRTC, MSI na rubuta JBAT1. Ka zare wuta, ka haɗa su da bakin sukundireba na 'yan daƙiƙu. A ƙananan bod batirin CR2032, wanda cire shi ma ke mayar da BIOS, sau da yawa ba ya fili, an naɗe shi an manna a bayan ramukan USB da siririyar waya. Gara ka san wurin tun kwamfutar na lafiya. Kuma idan sai ka sabunta BIOS, kamar yadda tsofaffin B450 ke bukata kafin su karɓi 5600, kada ka fara sai kana kan UPS ko inbata mai cikakken caji. Ɗauke wuta a tsakiyar wannan aikin na iya kashe bod.

Furosesa

Tsohuwar hanya ita ce a kafe dukkan ƙwayoyi a gudu ɗaya, a ɗura musu wuta. A kan Ryzen 5 1600 ko 2600 wannan na da amfani. A kan 5600 ban ba ka shawara ba. Furosesan da kansa yana auna zafinsa da wutarsa kullum yana ɗaga gudu gwargwadon sararin da ya gani. Idan ka kafe shi ka ƙwace masa wannan dabarar, ka kuma cire masa kariyar da yake yi wa kansa.

Dalilin da ya sa rage wuta ke aiki lissafi ne. Zafin da guntun lantarki ke fitarwa yana hawa daidai da gudu, amma yana hawa da ƙarfin wuta ninki a kan ninki. Ka rage ƙarfin wuta da kashi 10 cikin 100, abin da yake sha ya sauka da kusan kashi 19. Wannan rarar ita furosesan ke mayarwa gudu.

A BIOS shiga Advanced, sai AMD Overclocking, sai Precision Boost Overdrive, ka mayar da shi Advanced. Za ka ga PBO Limits. Kamfani ya sa wa 5600 iyakoki uku na wutar da zai iya sha: PPT wat 76, TDC amfiya 60, EDC amfiya 90. Idan Wraith Stealth ko wata gajeriyar na'urar sanyaya gare ka, zaɓi Disable, iyakokin su zauna yadda suke. Idan kana da mai tsayi, zaɓi Manual ka ɗan ɗaga, misali 90, 65, 100. Kada ka zaɓi Motherboard. Wannan sakin linzami ne gaba ɗaya, zafi ya yi ta hawa, ribar kuwa 'yar kaɗan, ga sassan da ke tace wuta a ƙaramin bod su ma suna gasuwa a lungun da iska ba ta kaiwa.

A Platform Thermal Throttle Limit sa 85. Furosesan zai ja da baya da kansa idan ya kai nan. A ƙasarmu wannan layin ya fi kowane muhimmanci a wurina.

Yanzu Curve Optimizer, inda ake rage wa furosesa ƙarfin wuta. Zaɓi All Cores, alamar Negative, lamba 10. Kowane ɗigo yana rage kimanin milibolt 3 zuwa 5, kuma iyakarsa 30. Ajiye da F10, shiga Windows, saki Cinebench. Ya kamata ka ga ɗaya daga biyu: maki ya hau, ko zafi ya sauka. Koma ka sa 15, sannan 20. Kada ka yi tsalle zuwa 30 don ka ga wani ya yi. Furosesa biyu masu suna ɗaya ba sa ɗaukar abu ɗaya, sa'a ce ta wanda ya saya.

A nan ne mutane ke ruɗewa, don haka bari in tsaya. Rashin zaman Curve Optimizer ba ya cika bayyana lokacin da kwamfuta ke aiki tuƙuru. Yakan zo ne lokacin da take hutawa: kana kallon bidiyo, ko ka tashi salla ka dawo ka tarar ta mutu ta tashi da kanta. Dalili kuwa, a aiki mara nauyi ne ƙwaya ɗaya ke cillawa zuwa ƙololuwar gudunta, a nan ƙarancin wutar ke kama ta. Ni kaina na taɓa zama a kan 25, ta cinye awa biyu na gwaji ba gardama, washegari ta faɗi ina tsakiyar rubuta takarda. Idan haka ta faru, buɗe Event Viewer na Windows ka nemi WHEA-Logger mai lamba 18. A ciki akwai APIC ID. Raba shi biyu, ka sami lambar ƙwayar da ta gaza, ana ƙirgawa daga sifili. Koma BIOS, sauya All Cores zuwa Per Core, ka sassauta wa wannan ƙwayar da ɗigo 5, sauran ka bar su. Yawanci ƙwayoyi biyun da suka fi kyau, waɗanda manhajar Ryzen Master ke yi wa alama, su ne ba sa jure ragi mai yawa, saboda tun daga kamfani an riga an matse su. Akwai ƙaramar manhaja CoreCycler da ke gwada ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya. Bar ta ta kwana tana aiki idan wutarka za ta kai.

Sai bayan wannan ya zauna za ka taɓa Max CPU Boost Clock Override. Fara da ƙarin 100 MHz, iyakarsa 200, wanda ke kai 5600 wajen 4.65 GHz. Duk ƙarin da ka yi a nan na iya tilasta maka sassauta Curve Optimizer, don haka sake gwaji. Ka kuma sa ido a HWiNFO: idan Core Clock na nuna babbar lamba amma Effective Clock ya yi ƙasa da ita sosai ana tsakiyar Cinebench, makin kuma bai hau ba, ragin ya yi yawa, gudun na ido ne kawai.

Gaskiyar ribar a nan kashi kaɗan ce cikin ɗari, tare da sanyi da raguwar ƙarar fanka. A gem, katin hoto ne mai magana.

Katin hoto

Buɗe Afterburner. Da farko shiga saitin fanka ka zana mata layinta: kusan kashi 40 a digiri 50, kashi 70 a digiri 70, kashi 90 a digiri 80. Katunan Nvidia na wannan zamanin suna sauke gudu da kansu, taki-taki na 15 MHz, yayin da zafi ke hawa, tun kafin su kai iyakar 83. Kati mai sanyi ya fi gudu ko ba ka taɓa komai ba.

Ja Power Limit zuwa ƙarshe. A wasu katunan masu araha a kulle yake a 100, ba laifi. Sai Core Clock: sa +60, danna alamar amincewa, saki Superposition. Ya wuce lafiya, ƙara 15. Ci gaba har ka ga alamar gazawa: ɗige-ɗige masu walƙiya, layuka masu launi, allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, ko gwajin ya rufe kansa. Daga nan ja baya da 30. Yawancin 1660 Super kan tsaya tsakanin +90 da +130.

Sai Memory Clock, wanda Afterburner ke nunawa a wajen 7000. Ƙara 100 a kowane zagaye, kuma a nan maki za ka kalla, ba faɗuwa ba. GDDR6, wato irin RAM ɗin da ke kan katin, na gano kuskuren saƙo ya sake aikawa, saboda haka idan ka wuce gona da iri katin ba zai faɗi ba, makin ne zai daina hawa ko ya fara sauka. Inda ya daina hawa, ja baya da 100 ka tsaya. Wasu katunan kan ɗauki +500, wasu har +1000, ya danganta da kamfanin da ya yi RAM ɗin katin, abin da GPU-Z zai nuna maka.

Yanzu ga matakin da ya raba ƙaramin akwati da babba. Duba layin PerfCap Reason a GPU-Z kana cikin gwaji. Idan yana nuna Thrm ko Pwr, zafi ko iyakar wuta ne ke danne katin, ƙarin da ka yi ba ya fitowa duka. Danna Ctrl da F a Afterburner, wani zane zai buɗe: ƙarfin wuta a kwance, gudu a tsaye. Ka bar ƙarin Core Clock ɗinka yadda yake, ka nemo ɗigon da ke kan 925 mV, ka ga gudun da yake kai, galibi wajen 1900 MHz. Riƙe Shift ka ja linzami ka zaɓe duk ɗigogin da ke damansa, ka ja su ƙasa, ka danna amincewa. Layin zai miƙe daga nan zuwa ƙarshe. Ma'anarsa katin ba zai ƙara neman wutar da ta wuce 0.925V ba, alhali a da yana kaiwa 1.05V. A lissafin da na ba ka ɗazu, wannan ragin kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na abin da ƙwaƙwalwar katin ke sha. Za ka ga gudun ya tsaya cak a wuri ɗaya maimakon hawa da sauka, wasan ya yi santsi, iskar da ke tashi daga kati zuwa furosesa ma ta rage zafi. Idan ya faɗi, sauke gudun da 15 ko ka matsa zuwa 950 mV.

Mai katin AMD ba ya bukatar Afterburner. A manhajar Adrenalin, sashen Performance sannan Tuning, duk akwai. RX 580 dai wat 185 yake sha tun asali, a ƙaramin akwati rage masa wuta kawai za ka yi, ka bar gudunsa wajen 1340 MHz.

Jimillar abin da za ka samu a kati kashi 5 zuwa 10 ne cikin ɗari. Wasan da ke ba ka 55 a sakan zai iya taɓa 60. Wanda ke ba ka 30 ba zai zama 60 ba.

Gwajin ƙarshe

Ajiye saitin Afterburner a lamba 1, amma kada ka danna maɓallin da ke sa shi tashi tare da Windows tukuna. Rufe akwatin ruf da dukkan murafansa, domin gwaji da murfi a buɗe yaudarar kai ne. Jira lokacin da ɗakinka ya fi zafi, tsakanin azahar da la'asar, ka saki gwajin Power na OCCT, wanda ke matsa wa furosesa da kati lokaci guda, na rabin awa. Ina son ganin furosesa ƙasa da 85, kati ƙasa da 78. Bayan nan buga gem iri biyu ko uku na tsawon kwanaki, saboda akwai saitin da ke wuce kowane gwaji amma wasa ɗaya ya kayar da shi. Sai ya yi mako ba matsala sannan ka kunna masa tashi da Windows, ka kuma adana saitin BIOS a cikin Profile, ka kwafe lambobin a littafinka.

Idan a cikin hunturu ka yi wannan aikin, rubuta a gefen shafin cewa za ka sake gwajin Power a farkon Afrilu. Ka tanadi saiti na biyu a lamba 2 na Afterburner, mai 875 mV da gudun da ya ragu da 60 ko 75 MHz, don watannin bazara. Matatun ƙura kuma duk mako biyu a cire a kakkaɓe, daga Nuwamba har ruwan farko ya sauka.